Birkin da Ba Ya Kuka

Tun daga kwanar mai injin niƙa nake jin zuwan Hilda. Tsohuwar Corolla ɗinmu tana da wani siririn kuka a ƙafar gaba, duk lokacin da aka taka birki sai ta yi shi, kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti. Tsakanin titi da gidanmu a unguwar Luggere cikin Jimeta akwai wannan kwanar, sannan akwai wani rami da ruwa ya haƙa tun bara, saboda haka motar kan yi kukan a wuri biyu kafin ta iso. Idan na ji na farko sai in tashi in ɗora ruwan shayi. Idan na ji na biyu sai in je in zare sakatar get.

Hilda ce autarmu, ita kaɗai ta rage mini a gida. Mahaifiyarta, Keturah, ciwon suga ya ɗauke ta tun Hilda na ajin farko a jami'a. Yayanta Harrison yana Fatakwal, yakan kira ran Lahadi idan bai manta ba. Ni kuwa mai kula da sito ne a wata ma'aikata a sakatariya, ni ke ba da takarda da biro da tsintsiya. Karatuna bai wuce fom uku ba. Da Hilda ta shiga ajin ƙarshe na miƙa mata makullin motar don zuwa jami'arsu a Sangere, ni na koma hawa keke napep zuwa aiki. Ni na koya mata tuƙi, na koya mata duba mai da ruwa. Canza taya kuwa, a tsakar gida na sa ta yi ta maimaitawa har tafin hannunta ya yi ja. Na gaya mata 'yata ba za ta tsaya a bakin hanya tana ɗaga wa mazan da ba ta sani ba hannu.

Wata yamma a farkon damina muna cin tuwo, sai ta ba ni labari tana dariya. Wai wata tifa mai ɗauke da yashi ta tsaya kwatsam a gabanta a kan gada, ta taka birki, motar ta yi ta sulalewa, ba ta tsaya ba sai da hancinta ya kusa shiga ƙarƙashin tifar. Wai har tana iya ƙirga tsatsar da ke jikin ƙofar bayan. Na ajiye lomar da ke hannuna. Na san gadar nan. Ƙasanta kogin Binuwai ne, kuma a lokacin ruwa ya fara cika.

Ban gama haɗiye wannan ba ta kawo ta biyu. Ƙawarta Kaltume, 'yar Wuro Hausa da suke aji ɗaya, tana haya a Sangere, wadda suke ɗaki tare ta tashi, akwai wurin katifa ɗaya. Ta ce jarrabawar ƙarshe na matsowa, hanya tana cinye mata safiya da yamma, da ta dawo gida sai barci.

Na ce mata matsalar birki ce, birki kuwa ana gyara shi.

"Baba, ba maganar birki kaɗai ba ce."

Na ce ta bar ni in gyara tukuna. Idan motar ta gyaru, ta ƙarasa shekarar a gida, ai saura kaɗan. Ta dubi kwanonta ta ce to. Irin "to" ɗin mahaifiyarta ne, wanda ba ya nufin an yarda, sai dai an fasa gardama.

Washegari na kai motar Jambutu wurin Bappayo, bakanikena tun zamanin da Keturah ke raye. Ya cire taya, ya leƙa, ya ce fad ne kawai, wato takalmin birki, ya cinye. Kukan da nake ji ma, in ji shi, wani ɗan harshen ƙarfe ne da masu ƙera motar suka sa da gangan, don ya riƙa gogar faifan birki yana tuna wa mai mota. Ya ce in je wurin Onuora in karɓo fad, kafin azahar ya gama.

Onuora yana sayar da kayan mota a layin da ke bayan garejin. A shagonsa na gan su, a cikin akwatin gilashi, guda biyu, ja wur, kowacce ta kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. Na tambaye shi ko mene ne. Ya ce kalifa ce, wato ƙarfen nan da ke damƙe faifan birki idan an taka. Wani saurayi ne ya sa aka kawo masa daga Legas, da faifansu da ƙarfen ɗaurawa da komai, daga baya ya sayar da motar ya bar gari. Ya ɗauko ɗaya ya ɗora a kan kanta, ya juya mini cikinta. Ta motata, in ji shi, fistin ɗaya gare ta, daga gefe ɗaya take turawa. Wannan kuwa huɗu ne, biyu ta nan, biyu ta can. Ya kama wani murfin fenti da hannu ɗaya ya ce in fizge, na fizge. Ya kama da hannu biyu, na ja, na kasa.

Na ce ita nake so.

"Papa Hilda, wannan na yara masu gudu ne fa. Your moto no dey run. Ka saya fad, ka tafi gida."

Na ce ba gudu nake nema ba, tsayawa nake nema. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya shiga neman kwali.

Bappayo da ya buɗe kwalin sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana dariya, yana kiran makwabcinsa mai walda ya zo ya gani. Ya ce, "Kawu, sirdin doki ka sayo wa jaki." Ya yi mini bayani cewa birkin motar lafiyarsa ƙalau in an sa fad sabo, kuma ranar da Hilda ta sulale a gada ƙila laifin jiƙaƙƙen yashi ne da tsofaffin tayoyi. Na saurare shi har ya gama. Sannan na tambaye shi ko huɗu bai fi ɗaya ba. Ya ce ya fi. Na ce to ya ɗaura.

Aikin ya ci yini. Na roƙi izini a ofis, na zauna a kan benci ina kallon yadda ya cire tsofaffin, baƙaƙe, ƙanana, ya jefa su cikin buhu. Da aka zo fitar da iska daga man birki, ni na shiga kujerar direba. Shi yana tsugune a gindin taya da ƙaramar sifana, yana ba ni umurni: in taka, in taka, in riƙe, in saki. Da farko ƙafata na nutsewa har ƙasa kamar na taka laka. Sannu a hankali fedar ta riƙa tauri, har ta zama kamar dutse a ƙarƙashin takalmina. Ban san yaushe rabon da in ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Na ji kamar ni ne zan riƙa zama a ƙarƙashin ƙafar Hilda kullum, a kan gadar.

Sai da ya ɗauko taya zai mayar muka ga ba ta shiga. Kalifar ta yi girma, cikin rim ɗin yana dukanta. Bappayo ya ce ai dama, babban kai sai babbar hula. Na koma wurin Onuora, ya karɓi rim ɗina huɗu na ƙarfe, ya ba ni manya masu faɗin ido, da tayoyinsu. Abin da wannan ya ci mini ba zan kawo shi nan ba. Da yamma muka fita gwaji a hanyar Numan, Bappayo na gefena. Ya ce in ba ta wuta, sannan in taka da ƙarfi. Na taka. Motar ta tsaya cak, hularsa ta faɗo kan gilashi. Ya ɗauke ta yana kaɗewa, ya ce to, ko saniya ce ta faɗo daga sama, Hilda ba za ta taɓa ta ba.

Hilda ta zagaya motar a tsakar gida tana leƙen jan ƙarfen ta cikin idon rim. Ta ce 'yan ajinsu za su ce ta yi saurayi mai kuɗi. Na ce ta gaya musu saurayin yana da furfura. Ta yi dariya, ta gode mini, ta riƙe hannuna kaɗan. Maganar Sangere ba ta sake tasowa ba, ni ma ban tayar ba.

Ran Litinin na dawo daga aiki, na yi wanka, na zauna a kujerata a baranda kamar kullum. Injin niƙa yana ta yi, ya tsaya. Yara sun dawo daga Islamiyya, suka wuce. Aka kira magariba a masallacin layinmu. Ina zaune ina jiran kukan farko don in ɗora ruwa, ina ta gaya wa kaina cunkoso ne a Hayin Gada. Sai na ji ana buga get da hannu. Na buɗe, ga Hilda tsaye, ga motar a bayanta injin na aiki. Ta ce ta ɗan jima a wurin, ta ɗauka na shiga wanka. Ban ji komai ba. Sabon birkin ba ya kuka. Ranar ta sha shayinta a makare.

Na ce ta riƙa yin hon daga kwana, ta yi na kwana biyu, matar makwabcinmu mai jego ta yi magana, ta daina. Daga nan na koma tsayawa a waje. Da farko sai rana ta yi ƙasa nake fita. Daga baya na ga zaman barandar ba ya yiwuwa, kunnena na neman abin da babu, sai in fita tun la'asar sakaliya in jingina da katanga, ina kallon kwanar. Masu wucewa su gaishe ni, in amsa. Mai injin niƙa ya fara aiko mini da kujera. Wata rana ruwa ya sauko ina tsaye, na ƙi shiga don kada ta iso a daidai lokacin, ta zo ta same ni a jiƙe, laima a hannu ban buɗe ba. Ta shiga ta ɗauko mini tawul.

Kowace Asabar ni ke wanke motar. In goge jan ƙarfen da tsumma ta tsakanin rim, sannan in kai ta wurin mai faci a bakin titi ya auna iskar tayoyin. Har safaya nake sa shi ya auna. In ɗage kafet ɗin but, ya sa geji, ya ce daidai, in mayar da kafet. Tayar nan kusan sabuwa ce, ba ta taɓa taka kwalta ba, tana kan rim ɗinta na ƙarfe tun ranar da na sayi motar. Ina alfahari da ita.

Ranar da suka fara jarrabawa na tashi da wuri na dafa mata ƙwai, muka yi addu'a a tsaye a bakin ƙofa, ta fita da sauran lokaci mai yawa. Wajen tsakar rana ina sito ina ba wani masinja takarda, wayata ta yi ƙara. Muryarta a kwance take, babu hawa babu sauka. Ta ce ta fito daga jarrabawa. Ta ce motar tana Vinikilang a bakin hanya, makullin yana wurin wata mai gasa masara.

Na tambaye ta ko lafiyarta ƙalau, ta ce ƙalau. Wani ƙarfe ne ya yage gefen tayar gaba jim kaɗan bayan ta sauka daga gada. Ta kauce gefe, ta sa dutse a bayan taya, ta sassauta noti, ta ɗaga jak, duk yadda na koya mata. Ta ɗauko safaya, safaya ta ƙi zama. Ta juya ta, ta sake gwadawa. Maza suka taru, kowa na cewa ba ta iya ba, kowa ya gwada ya kasa. Ta duba agogo, ta bar komai, ta tsaya neman keke, duk wanda ya zo a cike. Ta shiga ɗakin jarrabawa mutane sun yi nisa. Tambayoyin ƙarshe ko karanta su ba ta samu yi ba.

Na ce me ya sa ba ta kira ni ba. Ta ce batirinta ya yi ƙasa, ta kashe.

Na rufe sito ban ma sanar da kowa ba. A cikin keke, a kan gadar, na rufe idona, ban san dalili ba. Na hango motar tun daga nesa, a karkace a kan jak, ƙafar gaba a tuɓe, jar kalifar tana ƙyalli a rana kamar tsoka a teburin mahauci. Wasu samari biyu suna tsaye suna ɗaukarta hoto. Ɗaya ya tambaye ni ko tawa ce, ya ce kai, Baba, ka san mota.

Mai gasa masarar ta miƙo mini makulli daga bakin zaninta. Ta ce yarinyata ta iya aiki, mazan da suka zo koya mata ma ita ta riƙa nuna musu inda za su riƙe. Ta ce ba ta yi kuka ba, sai dai ta daɗe tana kallon jan ƙarfen nan kafin ta tafi.

Na ɗauki safayar na kai ta kan ƙafar. Ta shiga rabi ta tsaya, ƙarfe ya daki ƙarfe. Na leƙa ta baya, na ga inda cikin rim ɗin ya goge jan fentin, wuri-wuri, adadin gwajin da aka yi. Na kira Bappayo. Da na gaya masa sai ya yi salati a hankali.

"Kawu, mun manta safaya. Ni da kai da Onuora, duka."

Ya ce tayar baya babu babbar kalifa, saboda haka safaya za ta zauna a can. In cire tayar baya mai lafiya in kawo ta gaba, in sa safayar a baya. Ya ce in jira shi ya zo. Na ce ya yi zamansa.

Jak ɗaya gare ni. Dole na mayar da yagaggiyar tayar a gaba, na sauke motar, na koma baya na ɗaga, na cire mai lafiyar, na sa safaya, na sauke, na dawo gaba na sake ɗagawa. Rana tana tsakiyar kai, kwalta na ƙona mini gwiwa ta cikin wandon ofis. Tireloli na wucewa, iskarsu na girgiza motar a kan jak. Ina ɗaure noti ina tuna Asabar ɗin nan duka, ni da mai faci, muna auna iskar tayar da ba za ta taɓa shiga ba. Da na bar Bappayo ya sa fad ɗinsa, da yarinyar ta canza tayarta ta wanke hannu, ta isa kafin a raba takarda. Mai masarar ta kawo mini ruwa a leda. Na sha rabi, na zuba rabi a kai.

Maimakon in juya gida, sai na miƙe zuwa Sangere. Ban taɓa shiga cikin unguwar ba, iyakata bakin titi. Na kira Hilda, wayar a kashe, na yi ta tambayar ɗalibai har wata ta gane Kaltume ta nuna mini gidan. Dogon gini ne mai ɗakuna a jere, igiyar shanya daga wannan bango zuwa wancan, bayansa gonar masara ta kai ƙugu. Kaltume ce ta fito, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sannu da hanya Baba, ta shimfiɗa mini darduma a bakin ƙofa, ta ce bari ta je ta sayo mini abin sha mai sanyi. Na san ba ƙishina ne ya fitar da ita ba.

Hilda na tsugune a gefen famfo tana wanke hannu da garin sabulu. Baƙin mai ya shiga ƙarƙashin faratanta ya ƙi fita. Na dubi nawa hannun, iri ɗaya. Ta matsa mini, na tsuguna kusa da ita, muka yi ta cuɗawa.

Daga baya na gaya mata dabarar Bappayo, ta baya zuwa gaba. Na ce gobe da sassafe zan je wurin Onuora in samo babban rim na biyar, da sabuwar taya, kuma a gabanta za a gwada shi a kowace ƙafa. Na ce wannan ba zai sake faruwa ba. Na ce ko ta fi so, ni zan riƙa kawo ta da kaina har a gama jarrabawar, in jira ta a mota, ofis ba zai rushe ba. Ina magana ina jin muryata tana sauri.

Ta kashe famfon.

"Baba, ni ban taɓa jin tsoron hanyar nan ba. Abin da nake tsoro shi ne in makara. Tun daga gada nake ganin ka a zuciyata tsaye a jikin katanga. Malami na magana, ni ina duban rana. Yau da tayar ta fashe, ba jarrabawar na fara tunawa ba, kai na tuna."

Na tashi na leƙa ɗakin. Katifa ɗaya a gefe, littattafai a kan kwali, risho a lungu, sallayar Kaltume a naɗe a kan akwati. Ɗaya gefen babu komai, an share shi tas, an bar wurin katifa. Ta taga ana hango katangar jami'a, da ɗalibai suna tafiya a ƙasa, jaka a kafaɗa, ba mai gudu. Daga nan zuwa can babu gada, babu tifa. Na tsaya ina kallonsu fiye da yadda ya kamata.

Da na juyo sai idona ya faɗa kan sakatar ƙofar. 'Yar siririya ce, kusoshi biyu ke riƙe da ita, ɗaya ma ya fara fita. Na kama ta na girgiza.

"Wannan sakatar ba ta da ƙwari," na ce. "Gobe zan zo da wata. Da katifarki."

Ta zo ta tsaya a bayana. Ta ɗora goshinta a kafaɗata, rigar duk gumi da ƙura, ta daɗe a haka. Sannan ta ce in taho mata da bargon mamanta mai ruwan ƙasa, da fitilar caji.

Na koma Jimeta ni kaɗai, a hankali, saboda ƙafa ɗaya ta bambanta da sauran. Na iso get, na fita na buɗe wa kaina, na shigar da motar, na fita na rufe. Na dafa tuwo kamar yadda na saba, sai da na kwashe na ga na mutum biyu ne. Washegari na kai katifar, na ɗaura sakata mai kauri, na ƙara wata a sama. Kaltume ta ce yanzu ko su ma sai sun nemi izini kafin su fita.

Makullin motar ya dawo hannuna, Hilda ta ce ba ta da inda za ta je da ita. Na sayi rim na biyar ɗin duk da haka, Bappayo ya gwada shi a ƙafa huɗun a gabana. Ya tambaye ni ko in mayar da tsofaffin kalifar, tunda suna nan cikin buhu, Onuora zai iya karɓar jajayen. Na ce a bar su. Birkin yana kamawa sosai, wannan gaskiya ne. Daga Luggere zuwa sakatariya ba na wuce giya uku, amma yana kamawa.

Sakamakon waccan takardar bai fito ba tukuna. Ta ce ƙila ta tsallake da ƙyar, ƙila sai ta sake. Idan na tambaya sai ta ce in bar wa Ubangiji, ta canza magana.

Yamma ce mai wuya. Na mayar wa mai injin niƙa kujerarsa, na koma baranda. Akwai wani mai keke a layinmu da birkinsa ke kuka a daidai kwanar nan, sautin ya fi na motarmu kauri kaɗan, amma har yanzu wani lokaci sai na tsinci kaina a tsaye, ashana a hannu.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci nakan ɗauki kular abinci da miyar kuka da busasshen kifi in haye gada. Zuwana na farko na tsaya a ƙofar gidan, na kashe mota, na zauna ina jiran ta fito. Ɗalibai na wucewa suna leƙen ƙafar motar. Na daɗe a wurin kafin wata ta shiga ta gaya mata. Ta fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ta ce tun safe take kasa kunne, ba ta ji komai ba.

"Motar nan ba a jin zuwanta, Baba. Ka riƙa yin hon tun daga gonar masara."

Yanzu haka nake yi. Nakan danna sau ɗaya a bakin gonar, sannan in rage gudu sosai, don ta samu lokacin zare sakatun nan biyu.